Gayya a Gonar Teku

Ko da za a ciro ƙwaƙwalwata a wanke ta da sabulu a shanya a rana, akwai abu ɗaya da ba zai goge ba, shi ne gayyar noman da na kira a bakin Bahar Maliya. Na tafka shirme iri-iri a rayuwata, wasu har na manta da su don yawa, amma wannan ya samu ɗaki a kaina ya shimfiɗa tabarma, kuma ban ga alamar zai tashi ba.

A lokacin ina shekara ta shida a Jidda. Umra na zo kamar kowa, na yi ɗawafi, na sha zamzam, sai na ce bari in ɗan huta kwana biyu kafin in koma gida. Kwana biyun nan ne har yau ban ƙarasa ba. Na yi wankin mota, na yi dakon siminti, na kasa goro a bakin masallaci a unguwar Nuzla, har Allah ya haɗa ni da kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, ya yi min iƙama, takardar zama, na daina gudu in na hango motar 'yan sanda. Amma duk wanda ya zauna da ni na minti biyar ya san ni manomi ne ɗan manomi daga ƙasar Funtuwa, domin ba na barinsa ya tashi bai sani ba. Nakan ba su labarin cewa a gonarmu zangarniyar dawa ɗaya mutum biyu ke ɗauka, kuma kakana ya taɓa ɓata a cikin geronsa kwana uku, sai da aka yi masa kiɗa ya bi sauti ya fito. 'Yan majalisarmu suna kirana Sarkin Noma, rabi girmamawa, rabin kuma kun san ko mene ne.

A layinmu akwai wani dattijo, Bahaushen Sudan, da kowa ke ce wa Ammu, wato baffa. Masunci ne, kuma mutum ne mai tsadar magana. In ya yi maka kalma goma a yini, to ka shiga ransa sosai. Ya fi shekara talatin yana kamun kifi a wani lungu kudu da gari, inda teku ta kutso cikin ƙasa ta yi kamar fadama. Mutanen nan suna ce wa irin wurin hor. A cikinsa akwai wasu gajerun bishiyoyi masu duhun ganye da ake kira shura, suna tsaye tsamo-tsamo a cikin ruwan gishiri kamar waɗanda aka yi wa horo. Da kifin wurin nan Ammu ya aurar da 'ya'yansa mata huɗu, kuma da shi yake ci har ranar da nake ba ku labari.

Shekarun nan kuwa Jidda kumbura take yi kamar ƙullun da aka cika wa yis. Duk inda aka ga fili a bakin teku sai a zuba ɓaraguzai a cike a ɗora gini. Wasu direbobin wayit, wato tankokin kwasar bahaya, in suka ga wurin juyewa ya yi musu nisa sai su karkata bakin ruwa su sauke abinsu. Ruwan wasu lunguna na cikin gari ya koma kore, in ka wuce da tagar mota a buɗe sai ka yi istigfari. Daga nan aka kafa wani kwamiti ya zana taswirar gaɓar teku gaba ɗaya, a san inda za a yi gini, inda hanya za ta bi, da inda za a ƙyale yadda Allah ya yi shi. Hor ɗin Ammu na cikin wuraren da aka yi ta ja-in-ja a kansu. Masu hanya na so su ja titi ta bakinsa, a cike sauran a gina rumbunan ajiyar kaya. Masu kula da ruwa suka ce a'a, shura ce ke tace dattin da ke gangarowa kafin ya shiga teku, kuma a gindinta kifi ke renon 'ya'yansa. Aka yanke cewa su dasa 'ya'yan shura a gefen hor ɗin, kwamiti zai zo ya duba. In dashe ya kama, wurin na da rai, a bar shi. In bai kama ba, tifa ta shigo. Ammu aka ɗauka gadin wurin, kuma ya riƙe shi kamar jinjiri.

Saura mako huɗu kwamiti ya zo, sai asibiti suka kira Ammu aikin cire yanar ido, layin da ya daɗe yana jira. Dole a samu wanda zai zauna masa. Ban san me ya gani a jikina ba, wataƙila yanar ce ta riga ta yi masa yawa, sai ya ɗauke ni ya kai ni gaban injiniyan da ke kula da dashen. Matashi ne haifaffen unguwar Ruwais a nan Jidda, jikan mutanen Kano da suka zo hajji da ƙafa. Hausa yana jinta tsaf, amma in zai yi ta sai ya riƙa ɗauko kalma ɗai-ɗai kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Muhandis muke ce masa, wato injiniya.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ɗaga yatsu uku. “Ya Hajji, aiki uku ne bas. Raƙumi ya zo cin ganye, kore. Wayit ya zo, rubuta lamba. Tifa ta zo, kira ni. Halas.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, dashen fa? Ba ban ruwa, ba taki, ba komai?”

“Ba komai. Zama kawai. Ka iya zama?”

Kafin in buɗe baki Ammu ya ce, “Zaman ne bai iya ba. Amma na tsaya masa.”

Muhandis ya wuce Riyad harkar takardun kwamiti, Ammu ya wuce asibiti, aka bar ni da rumfar katako, da jarkar ruwa, da littafin rubuta lamba, da teku.

Kwana uku na farko na zauna, Allah shaida. Na kori raƙuma biyu, ɗaya ma har ya juyo ya dube ni irin kallon da surukata ke min. Amma ku da kuka taɓa riƙe fartanya kun san abin da nake nufi: manomi ba ya iya zama yana kallon gona a hargitse, ko da ba tasa ba ce. Hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Abin da na fara lura da shi, kewaye da kowace babbar shura wasu tsinkaye ne sun tsiro daga cikin laka, kamar fensir, dubbai, ba ganye ba fure, ko wurin sa ƙafa babu. Na ce a raina, subhanallahi, shekara talatin Ammu na nan bai taɓa nome gindin bishiyoyin nan ba, shi ya sa suka tsumbure ba su wuce tsayin mutum ba. Na biyu kuwa shi ya fi ci min rai. 'Ya'yan dashen nan, 'yan ƙanana abin tausayi, kullum ruwan teku sai ya biyo wata 'yar kwata ya malalo ya shanye su har wuya, ya jima, ya janye, can kuma ya dawo. Hawan ruwan ba shi da yawa, amma filin a shimfiɗe yake kamar faranti, kaɗan ya ishe shi. A garinmu in ruwa ya kwanta a gona kwana biyu an yi asara, balle ruwan gishiri, wanda ko a miya ya yi yawa sai an yi faɗa. Na girgiza kai na ce, Larabawa dai Allah ya ba su fetur, amma noma sai a bar mana.

Na yi niyya ta alheri, wannan ina so a rubuta min shi. So nake Ammu ya buɗe sabon idonsa ya ga gona tas, kwamiti su zo su riƙe baki, a ce wane ne ya yi wannan, a nuna ni.

Akwai wani maƙeri Bazamfare a Nuzla da ke ƙera wuƙaƙen mahauta. Na je na ce ya yi min fartanya. Ya ajiye guduma ya dube ni ya ce, “Sarkin Noma, kwalta za ka nome?” Na ce ya yi aikinsa kawai. Da ƙarfen sifirin mota ya ƙera ta, kuma ban taɓa riƙe fartanya mai daɗin hannu irinta ba, abin da ya ƙara dulmiyar da ni ke nan. Cikin kwana biyu na share gindin manyan bishiyoyi tara, ƙwal, ko tsinke ɗaya ban bari ba. Na tara tsinkayen gefe guda don in nuna wa Ammu yawan wahalar da na ɗauke masa.

Saura maganar ruwa. Ganuwa ake buƙata, a tare kwatar nan a zagaye dashen, kuma wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. To a garinmu in aiki ya fi ƙarfin mutum, ba ya zama yana tagumi, gayya yake kira. Na shiga majalisa bayan la'asar na sanar cewa Juma'a mai zuwa akwai gayya a gonar teku, kunu da tuwo a wuyana. Wallahi ban zaci abin zai karɓu haka ba. Mutanen da suka shekara goma suna wanke motocin wasu, da masu goge tayil, da masu dakon kwali, ashe kowa kewar ƙasa ce ke cinsa a ɓoye. Wani Badamagare har da share hawaye, ya ce rabonsa da gayya tun kafin a haifi 'yarsa ta fari. Maƙerin nan ya sha aiki. Matan layi suka dama kunun tsamiya cikin manyan kuloli. Rabin mutanen ba su da iƙama, don haka ana sallame asuba muka cusa kanmu a bayan 'yan ƙananan motocin ɗaukar kaya biyu, muka bi ta bayan gari muna addu'ar kada a tare mu.

Mutum ashirin da uku na ƙirga. Wani ya kifa jarka ya fara kiɗa, wani ya ɗauki waƙar noma, aka jeru. Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba, laka na tashi sama har tana tare rana. Tsuntsayen wurin, wasu dogaye masu jan ƙafa, suka tattara suka koma nesa suna kallonmu, kuma yanzu da nake tunani, su kaɗai ne masu hankali a wurin. Kafin hantsi ya dubi ludayi mun toshe kwata, mun ja ganuwa mai tsayin gwiwa ta zagaye fiye da rabin dashen. Sauran, wanda ruwa ke shiga ta wani gefen, muka bari don lokacin Juma'a ya matso. Muka sha kunu, aka yi min kirari, na yi jawabi. Har cewa na yi da an kawo mu ƙasar nan da wuri, da yanzu Jidda na sayar wa Masar dawa.

Kwana biyu na farko komai lafiya, dashe ya bushe tsaf, ina zagayawa da hannu a baya kamar mai gonar gandu. A na huɗu sai na ga ƙasar ta fara yin fari-fari, gishiri ya taso ya yi ɓawo, in ka taka sai ya yi ƙaras. Ɗan ruwan da ya maƙale a cikin ganuwa ya yi kauri ya koma kalar shayi, sannan ya fara wani wari da ko raƙuma suka daina zuwa. Ƙananan ƙaguwa da 'yan kifaye suka yi ta mutuwa a ciki. 'Ya'yan dashen suka sunkuyar da kai. Na ce ƙishi ne, na riƙa ba su ruwan shana da murfin jarka, ɗaya bayan ɗaya, ni ina haƙuri. Bishiyoyi taran da na nome kuma ganyensu ya fara rawaya yana zuba. Abin da ya fi ɗaure min kai, ɓangaren da ba mu kai gare shi ba, wanda teku ke shanyewa kullum, kore shar yake kamar yana min dariya. Mai hankali da ya gane daga nan. Ni kuwa cewa na yi wannan ɓangaren ya fi samun iska.

Ranar Laraba, kwana goma sha biyu da gayya, saura biyar kwamiti ya zo, sai ga Ammu ya sauko daga motar wani mai kifi, sanye da baƙin tabarau na asibiti. Na tare shi da fara'a ina masa barka, ina cewa ya zo ya ga abin mamaki. Ya tako a hankali har bakin ganuwa ya tsaya. Ya cire tabarau, ya duba da idon da aka gyara, ya rufe shi ya duba da tsohon, ko zai ga wani abu daban. Sannan ya je wurin tarin tsinkayen nan ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu.

“Wa ya yi wannan?”

Na ce, “Ni ne, Ammu. Ciyawar ta yi yawa ne.”

Sai ya miƙo hannu ya matse min hanci da yatsu biyu, ya sa ɗaya hannun ya rufe min baki. Masunci ne, hannunsa kamar filaya. Na fara mutsu-mutsu, idanuna suka firfito, sai da na fara ganin garinmu sannan ya sake ni.

“Hancinta ne ka sare,” in ji shi. “Laka ba ta da iska. Da su take numfashi.”

Ya nuna ganuwa. “Ruwan da ka tare, shi ke kawo mata abinci, shi ke wanke mata gishiri in zai koma. Ka hana ta ci, ka hana ta wanka.”

Sai ya zauna a kan ganuwar tawa yana kallon hor. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Can ya ce, ba ma da ni yake ba, “Shekara talatin tifa ba ta ci wurin nan ba.” A nan ne wasa ya fita daga kaina. Na gane cewa in kwamiti suka zo suka ga gawar dashe, ba za su tambayi dalili ba, za su ce wurin ya mutu, kuma abincin dattijon nan ne na binne da hannuna, da kiɗa da kunu.

A ranar muka fasa bakin kwata, ni da fartanya, shi da hannu, duk da likita ya hana shi sunkuyo. Ruwa ya shigo yana gudu kamar mai neman 'ya'yansa. Washegari Muhandis ya dawo daga Riyad. Da ya ga wurin, Hausarsa gaba ɗaya ta gudu, ya yi minti goma yana Larabci hannuwansa a sama, sannan ya samo kalma huɗu ya jefo min: “Na ce ka zauna.”

Na sake shiga majalisa na kira gayya ta biyu, ta rushe abin da aka gina a ta farko. Ku zo ku ji tsiya. Maƙeri ya ce ko in ƙera maka cokali ne ka riƙa mayar wa teku ruwanta. Badamagaren nan ya ce shi hawayensa na wancan makon yake so a biya shi. Wani ya ce a tarihin Hausa kaf ba a taɓa gayyar warware gayya ba, sai a zamanin mulkina. Gayyar gini tana da farin jini, ta rushewa kuwa mutum bakwai suka zo, kuma ba kiɗa. Muka baje abin da muka iya, kusan rabin ganuwar ya rage a tsaye. Dashen da ke ciki wasu sun ɗan ɗago kai, amma mafi yawa sun riga sun zama tsinken sakace.

Muhandis ya ja ni gefe ya ce ranar Litinin in tsaya can bayan rumfa, kada in yi tari ma. Shi zai san abin da zai ce. Na ga dai shi ma bai san abin da zai ce ɗin ba, domin in ya faɗi gaskiya, shi ya bar wurin a hannun wanda bai sani ba.

Litinin da hantsi motoci uku suka tsaya. Mutum shida suka fito cikin fararen kaya da guga mai yanka hannu. Biyu na riƙe a kaina. Ɗaya babban mutum ne mai tumbi, na ɓangaren hanya, da hankici a hanci tun kafin ya sauko. Ɗayan wani tsohon farfesa ne ɗan firit, masanin teku, wanda ya tuɓe takalmi ya naɗe riga ya shiga laka kamar gidansu. Suka zaga. Daga inda nake ina jin mai tumbi yana magana, kuma Larabcina ya kai in gane: ga shi nan, fiye da rabi ya mutu, manyan bishiyoyin ma suna bushewa, wurin wari yake, me ake jira. Ya buɗe taswira a kan mota ya ciro alƙalami. Ammu na tsaye gefe da tabarau, hannuwansa a baya, bai motsa ba.

Ni kuma ina bayan rumfa ina lissafin kaina. In na fita, magana za ta kai ga kafili, kafili kuma ba ya son sunansa a bakin hukuma, ƙarshenta a sa ni a jirgi a mayar da ni gida. In na yi shiru, ba wanda zai tambaye ni. Na dubi bayan Ammu, na ga yadda wuyansa ya rame. Ban san lokacin da ƙafafuna suka yanke shawara ba tare da ni ba. Sai ga ni a gabansu da fartanya a kafaɗa, ina cewa da Larabcin wankin mota, wurin bai mutu ba, ni na kashe shi.

Farfesa ya fito daga laka ya ce wa Muhandis ya fassara, a bar ni in yi da harshena. Na kwashe komai na faɗa, tsinkaye, kwata, ganuwa, har ruwan murfin jarka. Abu ɗaya na ɓoye. Da ya dubi tsawon ganuwar ya ce su wa suka taya ni, sai na tuna mutanena marasa takarda, na ce ni kaɗai ne.

“Kai kaɗai? Cikin kwana nawa?”

Na ce, “Hantsi ɗaya, ranka ya daɗe. Mu a Funtuwa haka muke.”

Muhandis ya fassara yana kallon ƙasa. Farfesa ya dubi busasshiyar lakar da ke bayan ganuwa, inda sawun ƙafa ya fi na kasuwar Laraba yawa, manya da ƙanana, ya dube ni, gemunsa ya ɗan motsa. Ya ce, “Masha Allah.” Bai ƙara ba, Allah ya saka masa.

Daga nan ya kama hannun mai tumbi ya ja shi har bakin ganuwa, takalmi mai tsada na nutsewa. Ya tsayar da shi ya nuna masa dama, inda ruwa bai daina shiga ba, kore shar. Ya nuna masa hagu, inda na gyara. Ya sa sandarsa ya auna ganuwar, iyakarta gwiwa. Ya ce wannan ta laka ce, ta kwana goma sha biyu, ga abin da ta yi. Sannan ya ɗora yatsa a kan layin titin da ke taswira, daidai inda zai ratsa bakin hor, ya tambaye shi nasa tsayinsa nawa ne, kuma kwana nawa zai yi a wurin. Mai tumbi ya ce ai za a iya duba batun magudana. Farfesa ya ce to a rubuta cewa za a duba, kuma a ɗauki hoton ɓangarorin biyu kafin wannan bawan Allah ya sake samun wata dabara.

Ba a yanke hukunci a ranar ba. Ni dai an karɓe min fartanya, Muhandis ya jefa ta a but ɗin motarsa kamar wanda ya kama makami. Kafili ya ji labari, ya kira ni ya wanke ni tas, amma da ya gaji da faɗa sai dariya ta ƙwace masa, na tsira. Ammu kuwa wata biyu bai amsa min gaisuwa da fiye da ɗaga hannu ba. Hukuncinsa shi ne duk Juma'a in bi shi hor, in ɗauki 'ya'yan shura a ka, in dasa inda ya nuna da ƙafa, a madadin waɗanda na kashe, kuma kada in ba da shawara. Cikin manyan bishiyoyi taran nan, biyar sun sake fito da hanci sun rayu. Huɗu sun tafi, kuma ko wacce ta girme ni.

Sai bayan wata bakwai Muhandis ya zo Nuzla da kansa da taswira a naɗe. An karkatar da titi ya bi ta baya, inda zai haye kwata an sa gada, an kuma hana wayit da tifa kusantar wurin. Ba duka aka samu ba, gefen arewa an ba masu rumbuna, amma cikin hor ɗin da bishiyoyinsa an shafa musu kore. Ammu ya daɗe yana kallon takardar, ya naɗe ya miƙa masa, ya shiga gida. Da la'asar sai ga shi a ƙofata da kifi uku manya a leda. Ya ajiye ya ce, “Ci. Daga gonar da ba a nomewa ne.” Ya juya ya tafi, ni kuma na tsaya riƙe da leda na rasa abin faɗa, abin da mutanen Nuzla suka ce ba a taɓa gani ba.

Abin da na koya shi ne, ƙwarewar mutum tana da iyaka kamar gonarsa, kuma inda ta ƙare ba a kafa alama. Ban yi ɓarnar nan don jahilci da noma ba, na yi ta ne don na iya shi, har na ɗauka duk abin da bai yi kama da gonar ubana ba gyara yake jira. Wani wurin taimakon da yake nema a gare ka shi ne ka tsare shi daga masu ɓatawa, sannan ka tsare shi daga kanka. Tun daga lokacin, in na isa inda ban sani ba na ga abu a karkace, nakan sa hannuwana a aljihu in nemi wanda ya riga ni zuwa in tambaye shi ko haka aka halicce shi. Sau da yawa kuwa haka ɗin ne.